Nas Ce Ta Fi Kowa Kusa da Gadon Majinyaci

A watan Janairun 1969 aka ɗauko wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya mai suna Laura Wine a jirgin sama daga asibitin mishan na garin Lassa, cikin jihar Borno ta yanzu, aka kawo ta Jos da wani zazzaɓi da ya ƙi jin magani. An kwantar da ita a asibitin mishan na SIM, wanda mutanen Jos ke kira Jankwano, wanda a yau ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. Ba ta jima ba rai ya yi halinsa. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta goge mata baki alhali da ɗan rauni a yatsanta, ita ma ta kamu ta rasu. Lily Pinneo, wadda ta kula da su biyun, ta kwanta, aka kai ta New York, ta sha da ƙyar. Daga jinin waɗannan mata ne masana a Jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar da duniya ta sani yanzu da zazzaɓin Lassa. A Fabrairun 1970 kuma Dakta Jeanette Troup ta wannan asibiti ita ma ta kamu ta rasu, bayan ta yanke a hannu wajen binciken gawa.

Mutum ukun farko da aka tabbatar sun kamu duk ma'aikatan jinya ne, kuma dalilin a bayyane yake. Likita yakan zo zagaye ya duba, ya rubuta magani, ya wuce gado na gaba. Nas ce ke kwana a ɗakin. Ita ke auna zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini, ta sa ƙarin ruwa, ta juya wanda ya daɗe kwance don kada bayansa ya yi gyambo, ta wanke ciwo, ta kwashe amai, ta lura da numfashin da ya sauya cikin dare kafin kowa ya farga. Wannan kusanci ne ke sa cuta ta fara da ita. Shi ne kuma ke sa ta ga abin da ko uwar majinyacin ba ta gani ba, ta ji abin da bai taɓa gaya wa matarsa ba.

A kan wannan fuska ta biyu nake so in tsaya, domin an fi sakaci da ita. A makarantun koyon jinya, irin kwalejin da ke Vom, ana koya wa ɗalibi wanke hannu da sa safar hannu tun watannin farko, ana kuma koya masa jan labule kafin ya buɗe jikin mutum, da sassauta murya in zai tambayi abin da ya shafi al'aura ko aure ko ciki. A ganina darussan nan biyu nauyinsu ɗaya, domin duk wanda aka bari a cikinsu ana iya rasa rai.

Mu ɗauki Anguwan Rukuba, a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. Unguwa ce mai cunkoso, gida jikin gida, ƙabilu daban-daban na zaune haya a tsakar gida guda, Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da bakin famfo. A wuri irin wannan, sistar da ke karɓar katin awo maƙwabciya ce. Mai yiwuwa coci ɗaya suke zuwa da mai katin, ko ɗanta ajinsu ɗaya da ɗan mai katin, ko mijinta abokin cinikin mijin waccan ne. Matar da aka yi wa gwajin jini wajen awon ciki aka samu tana ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, abin da ke ranta kafin tunanin magani shi ne wa zai ji. In ta yarda da sistar, za ta karɓi maganinta a kan lokaci, jaririnta kuma zai iya zuwa duniya ba tare da cutar ba. In ta taɓa jin labarin wata ya fito daga ɗakin awo ya kai bakin famfo, ba za ta dawo ba. Za ta haihu a gida, ko ta hau mota zuwa wani asibiti mai nisa inda ba a san ta ba, har ranar da kuɗin mota ya gagara ta daina zuwa. Haka mai tarin fuka zai koma sayen maganin tari a kemis yana yaɗa wa iyalinsa, haka budurwar da ta yi ɓari za ta ɓoye zubar jini har ya kai ta ga halaka. Magana zarar bunu ce, wadda ta fita daga bakin nas kuwa takan kori marasa lafiyar da nas ɗin ba ta ma san da su ba.

Matan da ke zuwa cibiyar yoyon fitsari ta Jankwano daga jihohi masu nisa sun fi kowa sanin wannan. Da yawansu sun riga sun sha ƙyama a gidan miji da cikin dangi. Abin da suke fara samu a wurin ma'aikatan jinya, tun kafin a kai ga tiyata, shi ne a rufe musu jiki a yi musu magana da mutunci.

Doka ba ta bar zancen ga halin mutum ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum da maganinsa da kwanciyarsa a asibiti sirri ne. Ba a fitar da shi sai da amincewarsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko na wata doka, ko bisa buƙatar iyaye ko waliyyi in yaro ne ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko kuma in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Wannan togaciya ta ƙarshe ce ke sa a kai rahoton mai zazzaɓin Lassa ga jami'an sa ido kan annoba, amma ga jami'an kaɗai, ba ga masu zuwa dubiya ba. A 2014 ɗin ne kuma aka yi dokar hana tsangwamar masu ɗauke da ƙanjamau, a 2018 aka ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata, a 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979 bayan haɗe hukumomi biyu da suka gabace ta, tana da ikon hukunta wanda ya ci amanar aikin har da soke lasisinsa.

Inda abin ke da wuya shi ne wajen dangi. Al'adarmu ce suruka ko yayan miji su tare nas a baranda su ce, "Sista, me aka gani?" Ba da mugun nufi suke tambaya ba, sau da yawa ma su ne masu biyan kuɗin magani. Ƙwararriyar nas ba za ta yi musu tsawa ba, ba kuma za ta faɗa ba. Za ta koma ta tambayi mai ciwon wa yake so a gaya wa, kuma iya ina. Sabon bala'in kuwa shi ne waya. Hoton wanda ya yi haɗari ko na katin majinyaci yakan shiga WhatsApp da Facebook cikin minti kaɗan, wani lokaci da sunan neman taimako ko addu'a.

Tun asali aikin jinya bai rabu da riƙon amana ba. A Madina, Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallaci tana jinyar masu rauni, a can aka kai Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Florence Nightingale ta tafi da ayarinta asibitin sojojin Ingila a Scutari a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860, ranar haihuwarta kuma, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya. A wannan makaranta Kofoworola Abeni Pratt ta yi karatu, ta dawo gida ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta riƙe muƙamin babbar jami'ar jinya ta ƙasa. A Filato kuwa, mishan ɗin SUM ya buɗe asibitin Vom tun 1922, inda aka horar da 'yan ƙasa da dama a aikin jinya.

Jos ta jarraba wannan amana ta hanyar da garuruwa da yawa ba su sani ba. Daren jajibirin Kirsimeti na 2010 bama-bamai suka tashi a Anguwan Rukuba da Kabong, aka kwashi masu rauni zuwa asibitocin gari. A rana irin wannan, da sauran ranakun rikici da birnin ya gani, nas takan tarar da Musulmi da Kirista a gadaje maƙwabta, kuma faɗin sunan wanda ke kwance ko unguwar da ya fito na iya jawo masa abin da ya fi rauninsa. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa bisa kowane dalili.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa nas komai. Tsarin lafiyarmu hawa uku ne: cibiyoyin matakin farko a unguwanni, asibitocin jiha, sannan na koyarwa irin na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo. Mafi yawan sirrin talaka a hawan ƙasa yake, kuma nan ne ɗaki ɗaya ke zama wurin awo da allura da karɓar kati, benci cike da masu jira suna jin duk abin da ake faɗa. Ƙwararru na ta tafiya Ingila da Saudiyya, wadda ta rage tana duba layin da ya fi ƙarfinta, har ta kira sakamakon gwaji da ƙarfi don ta yi sauri. Gyaran wannan ba ya buƙatar gini mai hawa. Labule tsakanin gadaje, kabad mai makulli don katuna, matsar da bencin jira daga bakin ƙofa, da kiran mutum da lamba a ranar karɓar maganin ƙanjamau ko na tarin fuka, duk abubuwa ne da kwamitin raya mazaɓa da hukumar lafiya matakin farko ta jihar Filato za su iya tanadarwa daga asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa.