Takardar Saki Ba Ta Kai Yaro Ingila

Na san kun saba in zo muku da labarin masoya, a sha wuya a farko, a ƙarshe a sha biki. To yau ku yi mini haƙuri, zancen bayan biki na kawo, bayan ma an zo da mota an kwashe kayan ɗaki.

Akwai wata 'yar unguwarmu a nan Unguwar Shanu, ta girme ni da aji biyu a sakandare. Ta yarje mini in ba da labarinta, amma ban da suna. An yi mata aure tana shekara 19, ta haifi 'ya mace, ta kuma daure ta yi karatun jinya a ɗakin miji. Shekara huɗu auren ya mutu. Takardar da ya miƙo mata, kun dai san irinta, falle ɗaya aka yago daga littafin rubutu, layi uku, ya sake ta saki ɗaya, sai kwanan wata. Ko sunan yarinyar babu a ciki. Ta goya 'yarta ta dawo gidansu, uban kuwa sai da salla yake aiko da atamfa da ɗan abin da ba a rasa ba.

Allah cikin ikonSa ta ci jarrabawar Turanci da ta aikin jinya, wani asibiti a Ingila ya ɗauke ta aiki. Ranar da saƙon ya zo har guɗa aka yi a gidan. Ita a zatonta tunda yarinya a hannunta take, ita ke ci da ita, ita ke biyan kuɗin makaranta, ai sai dai kawai ta haɗa musu akwati. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Bari in fara raba muku abu biyu da ake yawan cuɗawa. Ke babbar mace, fasfonki ba ya jiran sa hannun miji. Da can ana neman wasiƙarsa, sai wata malamar jami'a, Dokta Priye Iyalla-Amadi, matar marubucin nan Elechi Amadi, ta kai ƙara, a 2009 Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta ce wannan sharaɗi ya saɓa wa tsarin mulki. Amma yaro daban ne. Kafin a yi masa fasfo sai an kawo takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya, da lambarsa ta ɗan ƙasa, da wasiƙar amincewar iyaye. Kuma kada ku ga laifin masu wannan doka, don da babu ita, da masu safarar yara sun ci kasuwarsu ba mai ce musu kanzil.

Fasfo ma mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne biza. Wata lauya da ta je wurinta ita ta warware mata zance, ta ce dokar Ingila a kan ɗan ma'aikaci ita ce uwa da uba su kasance duk suna can, ko suna neman tafiya tare. In ɗaya ne zai tafi da yaro, to sai in ɗayan ya rasu, ko mai tafiyar ya nuna shi kaɗai ke ɗauke da ragamar rayuwar yaron, ko kuma akwai wani dalili mai tsanani da ya tilasta. Wannan na tsakiyar shi ne ya shafe ta, kuma ba magana ce ta fatar baki ba. Wa ya zaɓa wa yarinya makaranta? Wa ake kira in ba ta da lafiya? Wa ke yanke shawara a kan tarbiyyarta? Duk sai an gani a rubuce. Wasiƙar uba tana taimakawa ƙwarai, amma ita kaɗai ba ta wadatar.

Nan fa ido ya raina fata. Rasit ɗin makaranta na shekara uku, wasu an ƙulle ƙosai da su, wasu ɓera ya yi gado. A rajistar makarantar kuma sunan uban ne a gurbin mai kula da yarinya, ita da kanta ta rubuta shi, wai don kada a ce 'yarta ba ta da uba. Wallahi ni kaina da na ji haka sai da na je na duba inda Mamanmu ke ajiye takardun ƙannena.

Sa'arta ɗaya, ma'aikaciyar jinya ce. Waɗanda suka tafi aikin kula da tsofaffi, tun ranar 11 ga Maris 2024 Ingila ta hana sababbinsu tafiya da iyali, ko da uba ya sa hannu sau goma.

Sai aka aika wa uban. Ya ce atafau, 'yarsa ba ta zuwa ƙasar Turawa ta dawo ba ta iya gaida mutane ba. Ƙawayenta suka yi caa, mugu ne, baƙin ciki yake yi. Ni dai ban bi su ba. Mutumin ya yi sakaci da 'yarsa, wannan gaskiya ne, kuma akwai mazan da ke riƙe sa hannu don kawai su rama haushin tsohuwar mata, Allah Ya shirye su. Amma tsoron da ya faɗa ba na banza ba ne, kuma shari'a ba ta bar shi hannu rabbana ba.

A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, reno haƙƙin uwa ne bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. In uwar ta auri wani bare, renon ya koma hannun kaka ta wajen uwa. Sai dai reno daban, walicci daban, shi yana nan a wuyan uba. Malamai kuma sun yi bayani a littafin Muhtasar cewa in mai reno za ta ƙaura ƙaura ta zama, ba tafiyar fatauci ko ziyara ba, zuwa nisan da ya kai kimanin mil 72, to uba na da ikon karɓar ɗansa. Ku auna da kanku: daga Kaduna zuwa Zariya bai kai ba, zuwa Kano kuwa ya wuce. To ina ga Landan? Ashe ko Kano za ta koma da zama, sai da yardarsa.

Wani ɗan cuku-cuku ya ce ta kawo kuɗi a buga mata wasiƙa da sa hannun uban, wani ma cewa ya yi a yi takardar mutuwarsa a huta. Subhanallahi, mutum yana yawo a Kawo da ransa! Lauyar ta ce mata in aka kama ƙarya a takardun biza, ana iya rufe mata ƙofar Ingila har shekara 10, ga aiki ya tafi, ga shari'a a gida. Ta ce ta ji, ba za ta yi ba.

Abin da ta yi shi ne ta sa mayafi ta tafi Unguwar Dosa wajen tsohuwar surukarta, ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, "Hajiya, jikarki na zo miki da maganarta, ba tawa ba." Tsohuwar ta yi shiru can, ta ce, "'Yar nan, tashi ki zauna. Shi uban nata nawa ya taɓa biya na makaranta?" Bayan kwana biyu ta tara shi da yayansa. Ban san me aka faɗa a ɗakin ba, na dai san an kai sati uku ana kai da komo kafin ya sauko, da sharaɗin za a riƙa kawo yarinya gida lokacin dogon hutu, a sa ta Islamiyya, kuma ba za a hana shi jin muryarta a waya ba. Aka je gaban alƙali aka rubuta cewa reno na hannun uwa kuma uba ya yarda da tafiyar, shi kuma ya yi takardar rantsuwa ya haɗa da hoton katin shaidarsa.

Sai dai asibitin can ba su jira ba, ranar fara aiki ta riga ta matso. Dole ta tafi ita kaɗai, ta bar yarinyar wurin kakarta, ana ta bin makaranta da asibiti ana karɓo wasiƙun shaida ɗaya bayan ɗaya, kafin a kai ta Abuja a ɗauki hoton yatsunta, don nan Kaduna babu ofishin. Shekaranjiya na leƙa gidan, na tarar da 'yar a tsakar gida ta sa takalmin da uwar ta saya mata na tafiya, ta ce gwadawa take yi kada ya matse ta kafin ranar.