Ajin da Ake Yi a Ƙarƙashin Birnin Roma

Makarantun ɗariƙar Katolika da dama a Turai da Amurka, har da wasu a nan Afirka idan aljihun iyaye ya ba da hali, suna da al'adar kwasar aji guda kafin kammala sakandare a kai su birnin Roma na ƙasar Italiya. Iyaye kan kira tafiyar ziyarar ibada, a takardar makaranta kuwa balaguron ilimi ake rubutawa, su kuma yaran hutu suke ɗaukarta. Kowa da gaskiyarsa. Amma abin da ya sa tafiyar ta cancanci kuɗin jirgi, a ganina, shi ne tana tilasta wa malami ya raba wa yara abu biyu da suka taso suna ji a cakuɗe: labarin da aka gada baki da baki, da abin da ƙasa da takardun tarihi suka tabbatar.

Yawanci da Kolosiyam ake farawa, katafaren filin wasan nan da ke ɗaukar 'yan kallo wajen 50,000. Yaro ya zo da hoto a ransa: Sarki Nero yana zaune a sama, ana jefa Kiristoci ga zakuna a ƙasa. Sai ɗan jagora ya ce masa Nero ya mutu a shekara ta 68 miladiyya, filin kuwa Sarki Titus ne ya buɗe shi a shekara ta 80. Wato Nero bai taɓa ganin ginin ba. An kashe mutane a ciki babu adadi, kuma ba mamaki akwai Kiristoci a cikinsu, amma alaƙar wurin da shahidai daga baya ta yi ƙarfi, musamman bayan da Fafaroma Benedict na 14 ya keɓe shi don tunawa da su a tsakiyar ƙarni na 18. Wannan keɓewa ta taimaka wajen hana magina ci gaba da ɓamɓarar duwatsunsa, domin shekaru aru-aru nan ake zuwa ɗibar dutse idan za a gina fada ko coci. Har yau a nan ake yin addu'ar Hanyar Gicciye a daren Juma'ar da ke gaban bikin Ista.

Inda darasin ya fi zama kuwa sai an fita bayan gari, kan tsohuwar Hanyar Apiya, wurin makabartun ƙarƙashin ƙasa. Wadda aka fi kai ɗalibai ita ce ta San Kalisto. Ana gargaɗinsu tun a mota su riƙe rigar sanyi, ko da ana zafin bazara a waje, kuma su mayar da waya aljihu, don ba a ɗaukar hoto. Daga nan sai a bi matakala a gangara cikin wani lungu da mutum biyu ba sa jerawa. Dama da hagu bango ne mai ramuka a kwance, ɗaya bisa ɗaya har sama, kamar kantar mai shago. Kowane rami kabari ne. Ana naɗe gawa da likkafani, a shigar da ita, a rufe bakin da allon dutse ko tubali. Wasu ramukan ba su kai tsawon hannu ba, kuma ba sai an faɗa wa yara na su wa ne ba. Lungunan wannan makabarta kaɗai sun kai kimanin kilomita 20, an kuma ƙiyasta an binne mutum kusan rabin miliyan a ciki.

Nan ma akwai labarin da ya kamata a gyara. An daɗe ana cewa Kiristocin farko a waɗannan ramuka suke ɓuya suna zaune lokacin tsanani. Dalilin haƙa su ya fi wannan sauƙi. Dokar Roma ta hana binne gawa a cikin gari, fili a bakin hanya yana da tsada, Kiristoci kuma ba sa ƙona matattunsu yadda Romawa da yawa suke yi a da. Ga shi dutsen yankin mai taushi ne wajen haƙa, yana ƙara tauri idan ya sha iska. Sai aka riƙa nutsawa ƙasa hawa-hawa. Yahudawan Roma ma suna da irin nasu. Hukuma kuwa ta san wuraren sarai: a shekara ta 258, zamanin Sarki Baleriyan, a wannan makabarta aka cim ma Fafaroma Sistus na 2 yana tare da jama'arsa, aka kashe shi. Wurin da sojoji suka san ƙofarsa ba maɓoya ba ne.

Bayan ƙarnuka an kwashe ƙasusuwan waliyyai an kai coci-coci na cikin gari, bakunan ramukan suka toshe, aka manta da yawancinsu. Wani masanin tona tarihi, Giovanni Battista de Rossi, shi ya sake gano San Kalisto, a 1854 kuma ya isa ɗakin da aka binne fafaromomi 9 na ƙarni na 3, sunayen wasunsu na nan a rubuce da harshen Girka. Ɗalibin da ya zo daga Afirka yana da nasa rabon a nan: Fafaroma Miltiyades, wanda tsofaffin littattafan coci suka ce asalinsa ɗan Arewacin Afirka ne, a wannan makabarta aka binne shi, kuma a zamaninsa ne, shekara ta 313, aka ba Kiristoci 'yancin yin addininsu a daular Roma.

Malamin da ya san gari ba ya tsallake cocin San Kilemente, kusa da Kolosiyam, ko da yake ba ta cikin wuraren da ake rububi. Cocin da ake shiga daga titi ta ƙarni na 12 ce. A sauka hawa ɗaya, ga wata coci ta ƙarni na 4. A ƙara sauka, ga gine-ginen ƙarni na farko da ɗakin bautar wani abin bauta da ake kira Mitras, da bencinansa na dutse, ana jin ƙarar ruwa yana gudana a ƙasa. Wani limamin coci ɗan ƙasar Ayaland, Joseph Mullooly, ya fara tonon a 1857. Cikin rabin sa'a yaro ya taka shekara sama da dubu da ƙafarsa, ya kuma ga cewa addinin da yake bi ya tarar da wasu a garin.

Sai Batikan. Ƙasa ce mai cin gashin kanta tun yarjejeniyar 1929, faɗinta hekta 44 kacal. Akwai dokar sutura: kafaɗa da gwiwa a rufe, namiji ko mace, kuma masu gadi ba sa jin roƙo. Yawancin makarantu suna daidaita tafiyar ta haɗa da Laraba, ranar da Fafaroma yake ganawa da jama'a. Masu ƙarfin gwiwa sukan hau matakala 551 zuwa ƙololuwar kubbar cocin Waliyyi Bitrus, wadda aka fara gininta a 1506 aka keɓe ta a 1626. Doguwar hasumiyar dutsen da ke tsakiyar dandalin gaban cocin kuwa daga Masar Sarki Kaligula ya sa aka kawo ta. A da tana tsaye a filin sukuwar da Nero ya azabtar da Kiristoci bayan gobarar birnin Roma ta shekara ta 64, wadda marubucin tarihi Tasitus ya ce a kansu ya ɗora laifinta. Filin nan yana gefen inda cocin take yanzu. A 1586 aka matsar da dutsen zuwa inda yake. Ashe wurin da yara suka nema a Kolosiyam yana ƙarƙashin ƙafarsu a nan.

Babbar tambayar ita ce kabarin Bitrus, almajirin Yesu Almasihu. Coci ta daɗe tana cewa yana ƙarƙashin babban bagadin cocin Waliyyi Bitrus. Fafaroma Piyus na 12 ya ba da izinin tono, aka yi ta aiki a asirce cikin shekarun 1940, aka tarar da makabartar Romawa sukutum, da titinta da ɗakunanta, wadda Sarki Konstantin ya cike da ƙasa lokacin da zai gina cocin farko a wurin. A 1950 aka sanar an ga kabarin. Batun ƙasusuwa ya fi sarƙaƙiya. Wata masaniyar tsofaffin rubuce-rubuce, Margherita Guarducci, ta bi diddigin wasu da aka ciro daga wani gurbi a bango mai cike da zane-zanen masu ziyara. Bincike ya nuna na namiji ne mai shekara 60 zuwa 70, an naɗe su da ƙyalle mai zaren zinariya. A 1968 Fafaroma Paul na 6 ya ce an gamsu na Bitrus ne. Wasu masana, har da na cikin cocin, ba su gamsu ba, kuma ba a wajabta wa ɗan Katolika ya yi imani da hakan ba. Malamin kirki yakan faɗa wa ɗalibansa duka wannan, ya bar su da gardamar a motar komawa masauki.

Ba kowane aji ne ke samun ganin wurin ba. Mutum kusan 250 ake bari su shiga a yini, rukuni-rukuni ƙanana, sai an nemi izini watanni kafin tafiya, kuma ba a shigar da ƙananan yara. Wannan na cikin dalilan da ke sa wasu makarantu su jinkirta tafiyar sai yara sun kai manyan azuzuwa, a kuma shafe shekara ana sayar da kek da wankin motoci a harabar coci don a haɗa wa waɗanda iyayensu ba su da ƙarfi kuɗin kujera.