Iyaye, Wa Ke Koya wa 'Ya'yanku Abin da Kuka Kasa Faɗa?

Uwa, shekarun 'yarki nawa? Tara? Goma? Kin zaunar da ita kin gaya mata mene ne haila? Uba, ɗanka fa? Muryarsa ta fara buɗewa, takalmin bara ya yi masa kaɗan. Ka taɓa ce masa uffan a kan mafarki da wankan janaba? In amsar a'a ce, to ku saurara. Lokaci yana ƙure muku.

Balaga ba ta jiran sai kun shirya. Yarinya tana iya fara ƙirgar dangi tun tana shekara 8, wata kuma sai ta kai 13. Namiji yakan fara tsakanin 9 da 14. Jinin farko yakan biyo bayan fitowar nono da kamar shekara biyu. Ku yi lissafi. Wannan da kuke aike sayen magi kuna cewa ai yarinya ce, wataƙila 'yan watanni suka rage mata.

A unguwarmu an yi wata 'yar aji biyar na firamare. Jini ya zo mata tana makaranta. Ta ɗauka wata muguwar cuta ce ta kama ta, ko kuma wani laifi ta yi. Wata uku tana ɓoye tsumma, tana wanke shi cikin dare, tana kuka ita kaɗai. Tana sallah a haka, don ba wanda ya gaya mata hukunci. Uwarta na cikin gidan, mace mai kirki, mai kula da ci da suturar 'ya'yanta. Kunya ce kawai ta rufe mata baki. Har yau in na tuna yarinyar nan sai raina ya ɓaci.

Na san kunyarmu. Na san akwai uwar da ko sunan 'yar farinta ba ta faɗa. Da can akwai kaka a gida, akwai goggo, akwai inna, su ke jan yarinya ɗaki su yi mata bayani. Yanzu fa? Kuna gidan haya a birni, kaka na ƙauye. Wa ya gaji aikinta? Ba kowa. An bar gurbin a buɗe.

Kada kuma wani ya fake da addini. Ku buɗe Ahalari, ku buɗe Iziyya da Risala. Haila, nifasi, maniyyi, wankan tsarki, duk suna ciki, da sunansu. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Hadisi ya yi umarni a raba wa yara wurin kwana idan sun kai shekara 10. Suratun Nur ta koya wa yara neman izini kafin su shiga wurin iyayensu a lokuta uku. Addinin da ya yi wannan bayani dalla-dalla, shi ne zai hana ki magana da 'yarki?

Kuna ganin in kun yi shiru yaro zai zauna bai sani ba? Ba zai zauna ba. Waya tana hannunsa, ko a hannun abokinsa. Akwai TikTok, akwai zaurukan WhatsApp da ba ku san da su ba. Akwai finafinan batsa da ake tura wa juna a bayan aji. Akwai ƙawar da ta girmi 'yarku da shekara biyu, tana ba ta labarin ƙarya da gaskiya a gauraye. Akwai kuma wanda ya fi su duka haɗari: babban mutum mai fara'a, mai kyautar alewa, wanda ya lura yarinyar ba ta san komai ba.

A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da taimakon UNICEF, ta yi bincike kan cin zarafin yara a Najeriya. Mace ɗaya cikin huɗu, namiji ɗaya cikin goma, an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Ku sake karantawa. Ɗaya cikin huɗu. 'Yan mata nawa ne a gidanku? Kuma kada ku manta da mazan. Galibi mai aika-aikar ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, ko ɗan uwa, ko mai shago, ko wanda ake tura masa yarinya da talla. A 2020 abin ya kai gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, jihar Kaduna ta yi dokar dandaƙe wanda ya yi wa ƙaramin yaro. Amma doka tana zuwa ne bayan an yi ɓarna. Kafin ɓarna, bakinku kawai yaron yake da shi.

Akwai wata magana da iyaye mata suka dogara da ita: in namiji ya taɓa ki, ciki za ki yi. Shi ke nan, an gama tarbiyya. Don Allah ku daina tsayawa a nan. Yarinyar da aka gaya wa haka, ɗayan biyu ne. Ko ta rayu cikin firgici don wani ya goge ta a cikin A Daidaita Sahu, ko ta gane ba gaskiya ba ne, daga nan ta daina yarda da duk abin da kika faɗa. Ku gaya mata yadda ciki yake samuwa, a sarari, daidai hankalinta. Ku gaya mata ana iya ɗaukar ciki a karon farko. Ana iya ɗauka ma kafin a ga jinin farko. Ruwan gishiri ba ya hana shi, kanwa ba ta hana shi, haɗe-haɗen ƙwayoyin kemis ba sa hana shi, sai dai su illata ta. Kuma ƙugun ƙaramar yarinya bai gama buɗewa ba. Doguwar naƙuda ita ke kawo yoyon fitsari. Ku je asibitin Babbar Ruga a Katsina ku ga shekarun wasu daga cikin masu jiran aiki.

To me za ku ce? Ku fara da ƙaramin. Ɗan shekara uku ko huɗu zai gane in an ce masa: duk inda wando da riga suka rufe, naka ne, ba mai taɓawa, ba mai kallo. Ko kawu ne. Ko malam ne. In wani ya ce kada ka gaya wa Mama, to wannan shi ne abin da za ka fara gaya mata. Ku ƙara da alƙawari: ba zan dake ka ba. Ku cika shi. Yaron da ya san duka zai sha, ba zai taɓa buɗe baki ba.

Uba, kada ka ce wannan aikin mata ne. Ɗanka namiji wa zai tambaya? Ja shi gefe a hanyar dawowa daga masallaci. Ce masa, Babana, ka fara girma, za ka ga kaza da kaza, ba ciwo ba ne, ga yadda ake wanka. Gaya masa ciwon sanyi da ƙanjamau ba a ganinsu a fuska. Gaya masa 'yar mutane amana ce, ba abin wasa ba. In bakinka ya yi nauyi, nemi baffansa ko yayansa mai hankali. Amma ka tabbata an faɗa.

Ku buɗe ido. Yarinya ta daina son zuwa wani gida ko wani shago? Yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi? Kun ga kuɗi ko waya da ba ku saya ba? Tafiyarta ta canza? Akwai ƙaiƙayi, ko wari, ko tabo a wando? Mai surutu ya koma shiru? Kada ku ce aljanu ne. Kada ku ce zai wuce. Ku tambaya, a hankali, ba da tsawa ba.

In kuma abin ya riga ya faru, kada ku tsaya sasanci don rufin asiri. Ku tafi asibiti nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Awa 72, kwana uku kacal! Kada a yi wa yarinyar wanka kafin likita ya duba, kada a wanke kayan da ke jikinta. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama. An kafa su ne don irin wannan rana.

Sannan a Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, don kariya daga sankarar bakin mahaifa. An yi wa taki? Tambayi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ke.

Kada ki ce sai an yi hutu. Kada ka ce sai bayan Sallah. Uwa, sayi audugar mata yau. Bayan isha'i kira ta ɗaki, ki tura ƙofa. Buɗe ledar a gabanta, nuna mata yadda ake sawa da yadda ake zubarwa. Sai ki tambaye ta me ta riga ta ji, kuma a bakin wa.