Jijjigar Masu Juna Biyu: Daga Mabiyiya Take Farawa

Jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, tana cikin cututtukan da suka fi hallaka mata masu juna biyu a arewacin Nijeriya. Har yanzu akwai gidajen da ke ɗaukar ta aikin iska ne, a tsaya hayaƙi har sai mace ta galabaita kafin a kawo ta asibiti. Alhali tushen cutar yana cikin mabiyiya.

A jikin kowa akwai ƙwayar gado mai suna FLT1. Ita ke ba da umarnin ƙera wani furotin da ke zaune a bangon jijiyoyin jini, ɗan dangin da masana ke kira kainas. Aikin wannan dangi kamar na makunnin lantarki ne: saƙo ya iso daga waje, su kunna aiki a cikin ƙwayar halitta. Saƙonnin da wannan furotin ke karɓa, wato VEGF da PlGF, su ne ke kula da lafiyar jijiyoyin jini.

To, mabiyiya takan ƙera wani guntun wannan furotin mai suna sFlt-1, wanda ba shi da makunni kuma ba ya zama wuri ɗaya. Yawo yake yi a jinin uwa yana tare saƙonnin a hanya. Kaɗan ba laifi, kowane ciki yana da shi. Amma idan mabiyiya ba ta samun isasshen jini sai ta yi ta zubo shi. Jijiyoyi su tsuke, jini ya hau, ƙoda ta soma sakin furotin cikin fitsari. In abin ya kai ƙwaƙwalwa, sai jijjiga.

A 2003 ne Dakta Ananth Karumanchi da abokan aikinsa a Boston ta Amurka suka nuna haka, bayan sun ƙara wa ɓeraye masu ciki sFlt-1 sun ga jininsu ya hau. A 2017 kuma aka gano cewa bambance-bambancen da ke kusa da FLT1 a gadon jaririn kansa suna ƙara haɗarin. Mabiyiya ai ta jariri ce, rabin gadonta daga uba ya fito, don haka masu ɗora wa uwa laifi su sassauta.

A 2023 Amurka ta amince da gwajin jini mai auna sFlt-1, sai dai yana da tsada kuma bai wadata a wajenmu ba. Awon jini da na fitsari da ake yi ranar awon ciki su ke kama cutar. Jinin da ya kai 140/90 bayan mako 20 na buƙatar likita. Masu cikin fari, masu tagwaye, masu ciwon suga ko hawan jini su suka fi shiga haɗari, kuma likita kan rubuta wa wasunsu ƙaramin asfirin.

Maigida, in uwargida ta yi kukan matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, ciwo a saman ciki ko kumburin fuska, a kawo ta nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai allurar maganiziyam salfet mai hana jijjiga. Cutar kan iya tasowa bayan haihuwa, saboda haka mai jego ma a ci gaba da auna mata jini har ta yi arba'in.