Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani a ƙauyenmu lokacin hutun bazara. Famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya da muke da shi ya lalace. Kwana tara ƙannena mata suna tafiya kududdufi da asuba, har ƙaraminmu ya kwanta da gudawa. Ran na goma wani makanike ya zo a kan babur, ya zare wata roba da ta cinye, ya sa sabuwa, sai ga ruwa. Na ce masa, "Malam, yaya aka yi robar da ka sayo a birni ta yi daidai da famfonmu?" Ya yi dariya, ya ce in je in bincika. To, ga abin da na samo.

A shekarar 1967 an yi fari mai tsanani a Indiya. Aka haƙa rijiyoyin burtsatse da yawa, aka kafa musu famfuna irin waɗanda aka ƙera don gida ɗaya. Da gari guda ya taru a kansu, ba su daɗe ba suka mutu. Sai injiniyoyin Indiya da na UNICEF suka haɗa kai, suka ƙera wani mai ƙarko da ake kira India Mark II. Babbar hikimarsu ita ce ba su ɓoye zanensa ba. Kowace masana'anta tana iya ƙera shi, muddin ta bi awo ɗaya.

Amma gyaransa yana bukatar kayan aiki masu nauyi. Saboda haka bayan 1980 wasu masana suka fara gwaji a Malawi, suka ƙarasa a Kenya, suka fito da famfon Afridev, wanda mutanen ƙauye za su iya zare sandunansa su sake roba da kansu. A 1992 kuma masu wannan sana'a suka taru a Kakamega ta ƙasar Kenya, suka kafa ƙungiya don tsare awon famfuna da musayar dabaru. Ita ce daga baya ta faɗaɗa ta zama ƙungiyar masanan ruwan karkara, RWSN. Kun ga ke nan robar makanikenmu ba sa'a ce ta sa ta yi daidai ba, shawarar mutane da yawa ce.

Haka ma sha'anin tsafta. Wajen shekarar 2000 wani masani ɗan Indiya, Kamal Kar, ya gwada wata dabara a Bangaladash. Maimakon a gina wa mutane masai kyauta, sai a zaga gari tare da su, su ga yadda ƙuda ke tashi daga bayan gida ya sauka a kan tuwo, har su yi shawarar ginawa da kansu. Ma'aikatan tsafta suka riƙa koya wa junansu daga ƙasa zuwa ƙasa, har dabarar ta iso Nijeriya. A 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta daina bahaya a fili.

Duk da haka da sauran aiki. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2022 ta nuna fiye da mutum biliyan 2 ba su da ingantaccen ruwan sha a gida, alhali an yi alkawarin kowa zai samu kafin ƙarshen 2030.

Don haka ina roƙon iyayenmu su riƙa tara ɗan kuɗin gyara tun famfo bai mutu ba. Mu kuma da za mu zama injiniyoyi da duba-gari, kada wanda ya gano wata dabara ya rufe ta a aljihu. Allah Ya sa mu amfani jama'armu, amin.