Ko Ka Sani? Wayarka Tana Yin Tuntuɓe Dubban Sau Kafin Manhaja Ɗaya Ta Buɗe

Daga lokacin da yatsanka ya taɓa alamar WhatsApp zuwa lokacin da saƙonni suka bayyana, furosesar wayarka ta tsaya cak sau dubbai. A kowace tsayuwa ta miƙa hannu ne za ta ɗauki wani abu a ƙwaƙwalwa, sai ta tarar babu shi a inda aka ce mata yana nan. Masana na kiran wannan da sunan da ke nufin "kuskuren shafi". Ni na fi son in ce tuntuɓen shafi, domin kuskure abu ne da ake gudu, wannan kuwa da gangan aka dasa shi a hanya. Duk wayar Android, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, tana tafiya ne a kan Linux, kuma tsakiyar Linux, wadda ake kira kanel, ita ce ke tayar da furosesa duk lokacin da ta yi wannan tuntuɓe.

Asalin lamarin alkawari ne. Ƙwaƙwalwar aiki, wato ram ɗin da ake rubuta girmanta a jikin kwali, ba ta da yawa. Amma idan manhaja ta tashi, kanel kan miƙa mata taswirar wani makeken gari, ya ce duk naki ne. A kwamfutocin yau girman wannan taswira ya kai terabayit 128, alhali ram ɗin da ke ciki wataƙila giga 8 ce. Kowace manhaja da tata taswirar, kuma ba wadda ke ganin ta wata. An yayyanka taswirar ƙanana-ƙanana kamar fuloti, kowane yanki ana ce masa shafi, galibi bayit 4,096. Ram mai giga 4 tana ɗaukar irin waɗannan shafuka 1,048,576, babu ƙari ko ɗaya.

To, takardar fili daban, filin daban. Idan manhaja ta nemi wuri, kanel kan rubuta a kundinsa cewa daga nan zuwa can nata ne, amma ba ya ba ta ko taku ɗaya na ram. Sai ranar da ta zo da bulo za ta aza. A nan ne wani sashe na furosesa, wanda aikinsa fassara adireshin taswira zuwa adireshin gaske, zai duba jadawali ya ga ba a rubuta komai ba. Sai ya dakatar da manhajar a tsakiyar umarnin da take aiwatarwa, ya kira kanel. A furosesoshin Intel da AMD wannan kira lambarsa 14, kuma ana ajiye adireshin da ya jawo tuntuɓen a wani ɗan gurbi mai suna CR2, domin kanel ya san inda zai duba.

Kanel yana da tambaya ɗaya da farko: wannan wuri nata ne? Idan ba nata ba ne, ko kuma ta nemi yin rubutu a inda aka ba ta izinin karatu kaɗai, sai a kashe ta, kai kuma ka ga manhaja ta rufe kanta ba sallama. Idan nata ne, sai ya samo shafin ram da ba kowa a ciki, ya share shi tas da sifiri don kada sirrin wanda ya riga ta ya zuba, ya rubuta a jadawali, ya mayar da ita daidai kan umarnin da ta tsaya. Manhajar ba ta ma san an yi ba.

Wannan dabara ta girmi yawancin masu karanta wannan rubutu. A Jami'ar Manchesta ta Ingila aka fara ta, a wata kwamfuta mai suna Atlas da aka ƙaddamar a 1962, ƙarƙashin jagorancin Tom Kilburn tare da kamfanin Ferranti. Ƙwaƙwalwarta mai sauri kalmomi 16,384 take ɗauka, sai wata ganga mai juyawa da ke ɗaukar 98,304. Kafin Atlas, mai rubuta manhaja shi da kansa ke lissafin abin da zai kwaso daga ganga da abin da zai mayar. Mutanen Manchesta suka yanka komai shafi-shafi, kalmomi 512 kowanne, suka bar wa na'ura wahalar jigila. Abin da ke aljihunka yau jikan wannan tunani ne.

Tuntuɓe iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai nisa. Ƙarami shi ne wanda aka gama shi a cikin ram, ba a je ko'ina ba. Babba shi ne wanda sai an gangara ma'adana an ɗauko shafin. A zamanin faifai mai juyawa, idan ka ɗauki karatu ɗaya daga ram a matsayin daƙiƙa ɗaya, zuwa faifai ya fi kwana guda. Ma'adanar wayoyin yau ta fi wancan sauri nesa ba kusa ba, amma har yanzu ba ta kama ƙafar ram ba. Shi ya sa idan na ga an rubuta "8+8" a kwalin waya nake so mai saye ya fahimta: takwas ta farko ce ram, ta biyun wani yanki ne na ma'adana da ake jibge shafukan da aka kora daga ram, kuma duk dawowa daga can babban tuntuɓe ne. Tana da amfani wajen hana a kashe manhajojin da ka bari a baya, amma ba ta mayar da takwas sha shida. Idan ram ta yi ƙaranci ƙwarai, na'ura kan koma ba abin da take yi sai kora da dawo da shafuka. Peter Denning ya yi bayanin wannan ciwo tun 1968, kuma duk wanda ya taɓa riƙe waya mai giga 2 ya san shi a aikace.

Akwai wata hikima da aka gina a kan tuntuɓen, wadda Android ta dogara da ita. Da zarar waya ta kunnu, akan tayar da wata uwar manhaja mai suna Zygote, a loda mata kayan da kowa zai buƙata. Duk manhajar da ka buɗe, daga jikinta ake tsago ta. Ba a kwafe mata komai. Uwa da 'ya suna kallon shafuka ɗaya, an dai yi musu alamar a karanta kaɗai a jadawali, ko da yake a kundin kanel suna da izinin rubutu. Ranar da ɗaya ta so yin rubutu, sai ta yi tuntuɓe, kanel ya kwafa mata wannan shafin guda ɗaya, sauran a ci gaba da tarayya. Wuri ne mai santsi ƙwarai. A 2016 aka gano wata ɓaraka a daidai wannan gaɓa, aka sa mata suna Dirty COW, wadda ta ba mai ƙaramin izini damar rubutu a fayil ɗin da bai kamata ya taɓa ba. Ta shafe kusan shekara tara a cikin Linux kafin a toshe ta.

Yanzu mu zo kan abin da ya ci wa masu gina Linux tuwo a ƙwarya. Kundin da kanel ke dubawa don amsa tambayar "wurin nata ne?" ba fuloti-fuloti yake lissafi ba, unguwa-unguwa yake yi: wannan yanki na umarnin manhaja ne, wancan na bayanai, wancan na wani fayil. Babbar manhaja kan mallaki irin waɗannan unguwanni dubbai. Kuma duka kundin kwaɗo ɗaya ne a kansa. An daɗe ana kiransa mmap_sem, sai a 2020, a siga ta 5.8, aka sauya masa suna zuwa mmap_lock. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: masu karatu za su iya shiga tare komai yawansu, amma idan mai gyara ya shiga, kowa ya tsaya a waje.

A lokacin da furosesa ke da kai ɗaya, wannan bai dami kowa ba. Yau ko waya mai araha kawuna takwas gare ta, manyan kwamfutocin cibiyoyin bayanai kuma fiye da ɗari. Manhaja ɗaya tana da ma'aikata da yawa da ke aiki lokaci guda, masana na ce musu zare. Ka ɗauka zare ɗaya yana can baya yana neman a ƙara masa wuri, ya riƙe kwaɗon a matsayin mai gyara. A daidai lokacin, zaren da ke zana abin da idonka ke gani ya yi tuntuɓe a wata unguwa can daban, wadda ba ruwanta da gyaran. Dole ya jira. Ana gyaran takardar fili ɗaya a gabas, an rufe ofis ga duk mutanen yamma. Wannan jiran yana cikin abubuwan da ke sa allo ya ɗan cije a hannunka. Ko da babu mai gyara ma, kowane mai karatu sai ya ƙara lamba a jikin kwaɗon ya kuma rage, kawunan furosesa su yi ta fizgar wannan lamba ɗaya a tsakaninsu.

Maganin farko da aka gwada shi ne ganganci mai lissafi: a yi aikin tuntuɓen ba tare da taɓa kwaɗo ba, a ƙarshe a duba ko wani ya sauya kundin a tsakani. Idan an sauya, a zubar da aikin a sake ta tsohuwar hanya. Peter Zijlstra ya gabatar da wannan tun wajajen 2010. Laurent Dufour na IBM ya ɗauka daga baya, ya yi ta gyarawa yana sake kawowa har fiye da sau goma. Michel Lespinasse ya sake gwadawa bayansa. Saurin ya samu, har Android ta riƙa saka shi a nata kanel ɗin, amma ba a taɓa karɓarsa a babban Linux ba. Dalilin shi ne wuyar tabbatar da cewa babu wata kafa da shafin wani zai faɗa hannun wani. A ganina sun yi daidai da suka ƙi. Jinkirin daƙiƙa ana jure shi, amma kuskure a wannan gaɓa yana iya zama hoton wani ko lambar sirrin bankinsa.

Da aka rasa hanya ta gaba, sai aka koma tushe. Unguwannin nan a da ana jera su ne a wani tsari da ba ya bincikuwa lafiya sai da kwaɗo a hannu. Liam Howlett da Matthew Wilcox na Oracle suka shafe shekaru suna gina sabon tsarin jeri mai suna maple tree, wanda mai karatu zai iya bi ko da wani na gyara a gefe. Sirrinsa wata tsohuwar dabarar Linux ce da ake kira RCU: mai gyara ba ya goge tsohon shafin kundi, sabo yake rubutawa ya maye gurbin, tsohon kuma ba a yaga shi sai duk wanda ke karanta shi ya ɗaga kai. Wannan ya shiga siga ta 6.1 a Disamba 2022.

A kan wannan harsashi Suren Baghdasaryan na Google ya aza gininsa: kowace unguwa a ba ta nata ƙaramin kwaɗo. Yanzu idan zare ya yi tuntuɓe, kanel kan nemo unguwar ba tare da taɓa babban kwaɗo ba, ya gwada riƙe ƙaramin. Idan ya samu, ya gama aiki ya wuce. Idan ya tarar ana gyaran wannan unguwar, ba ya jayayya, sai ya koma layin babban kwaɗo kamar da. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mai gyara ke sakin ƙananan kwaɗunan da ya rufe. Ba ya bin su ɗaya bayan ɗaya. Kowace unguwa da ya kulle yakan buga mata lambar zagayen da ake ciki, idan ya gama sai ya ƙara ɗaya a lambar zagayen, nan take duk tambarin ya zama tsoho, ƙofofi su buɗe gaba ɗaya. Wannan aiki ya fito a Linux 6.4 a Yuni 2023. Da farko shafukan da ba su da alaƙa da fayil kaɗai ya shafa, sigogin baya suka faɗaɗa shi zuwa na fayil.

Sauyin bai zo lami lafiya ba. Cikin makonnin da 6.4 ta fito, wani mai bincike a Jami'ar Peking ta ƙasar Sin, Ruihan Li, ya bayyana wata ɓaraka da aka kira StackRot, wadda ta shigo tare da sabon tsarin jerin tun 6.1. Wani yanki na ƙwaƙwalwar manhaja da ke faɗaɗa kansa yana gyara kundin alhali izinin karatu kaɗai ya riƙe. Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, da hannunsa ya jagoranci gyaran. A daidai wannan lokaci kuma aka gano cewa ƙananan kwaɗunan sun bar wata kafa wajen tsago 'ya daga uwa, har wasu manhajoji suna faɗuwa, aka toshe ta cikin kwanaki.

Babban kwaɗon yana nan har yau, ba a cire shi ba, an dai rage masu layi a ƙofarsa. Idan kana so ka san inda wayarka take a wannan tafiya, shiga saituna, ka gangara wurin bayanin waya, ka nemi sigar kanel. Wayoyi da yawa da ke kasuwa har yanzu 4.19 ko 5.10 za ka gani, domin masu ƙera waya kan tsaya a sigar da suka fara da ita, sai dai su tsinto wasu gyare-gyare su dasa. Idan ka ga 6.6 ko sama da haka, to kowace unguwa a ƙwaƙwalwar wayarka tana da nata kwaɗon.