Landan Da Murhun Itace: Dokar Da Ke Bin Hayaƙin Da Ido Ke Gani

Ranar 5 ga Disamba, 1952, mutanen Landan suka wayi gari cikin wani baƙin hazo mai warin kwal. Sanyi ya tsananta, kowane gida ya cika murhu da kwal, iska kuma ta tsaya cak. Iska mai ɗumi ta yi wa birnin rumfa daga sama, mai sanyi ta kwanta a ƙasa, hayaƙi ya rasa hanyar tashi. Kwana biyar ana cikin wannan hali. Ƙididdigar farko ta ce mutum 4,000 ne suka mutu. Binciken da aka yi daga baya ya kai adadin wajen 12,000.

Wannan musiba ce ta haifi dokar tsabtace iska ta 1956, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon shata unguwanni su ce a nan an hana hayaƙi fita daga bututun kan rufi. Yawancin Landan yau tana cikin irin wannan yanki. Doka ta yi aiki. Kwal ya ja baya, gas ya shiga gidaje, baƙin hazon ya zama labarin kakanni.

Sai ga itace ya dawo ta bayan gida. A 'yan shekarun nan murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi ya zama abin yayi, a girka shi a falo, a zauna ana kallon wuta da dare. Binciken da gwamnati ta sa aka yi ya nuna cewa gidajen da ke ƙona itace ko kwal a cikin ɗaki a Birtaniya ba su wuce kusan 8 cikin 100 ba, kuma mafi yawansu suna da wata hanyar ɗumama gida. Ma'ana, ga da yawansu ba larura ba ce, marmari ne. Amma duk da ƙarancinsu, alƙaluman ma'aikatar muhalli ta ƙasar na shekarar 2022 sun nuna cewa itacen da aka ƙona a gidaje ne ya fitar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙurar nan mai laushi da masana ke kira PM2.5.

Ita wannan ƙura ita ce tushen maganar. Faɗin ƙwayarta bai wuce maikiromita 2.5 ba, silin gashin mutum ya ninka ta kauri kusan sau talatin. Gashin hanci ba ya tare ta, majina ba ta kama ta. Tana wucewa har can ƙarshen huhu, mafi ƙanƙanta daga cikinta kuma su kutsa cikin jini. Daga nan ake samun tashin asma, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da kansar huhu. Yara da tsofaffi da masu juna biyu su ne a sahun gaba. Kuma abin ba ya tsayawa ga mai murhu, domin maƙwabcin da bai taɓa kunna ashana ba shi ma yana shaƙa ta tagarsa.

To me doka ta ce yanzu? Daga watan Mayun 2021, an hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri da buhuna a Ingila. Wanda za a sayar dole danshinsa ya zama kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka, a manna masa tambarin da ke shaida ya bushe. Duk macen da ta taɓa fama da jiƙaƙƙen icce a damina, tana hura wuta tana share hawaye, ta riga masanan sanin dalili: wuta tana ɓata ƙarfinta wajen ƙafar da ruwan da ke cikin itacen, zafi ya ragu, itacen bai cinye sosai ba, abin da ya rage ya tashi a hayaƙi. An kuma janye kwal na gargajiya daga kasuwar gidaje gaba ɗaya a 2023. Daga Janairun 2022, duk sabon murhun da za a sayar sai ya cika ƙa'idar rage hayaƙi da ake kira Ecodesign. Sannan dokar muhalli ta 2021 ta ba ƙananan hukumomin Ingila ikon cin tarar fam 175 zuwa 300 ga wanda bututunsa ya fitar da hayaƙi a yankin da aka hana, wanda kuma ya sayi makamashin da ba a amince da shi ba tararsa na iya kaiwa fam 1,000.

A takarda dai komai ya yi. A aikace kuwa, da sauran rina a kaba.

Na farko, dokar ba ta hana murhun kansa ba. Ko a tsakiyar Landan mutum na iya ƙona itace muddin murhunsa na cikin jerin waɗanda gwamnati ta amince da su. Mai saye ya ga tambari, hankalinsa ya kwanta, ya ɗauka abin tsabtatacce ne. Amma rahoton 2022 na babban jami'in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, ya nuna cewa ko murhun zamani mai cika ƙa'ida yana fitar da wannan ƙura ninki 450 na abin da tukunyar gas ke fitarwa don samar da ɗumi iri ɗaya. Ya fi buɗaɗɗen murhu na dā sauƙi, babu musu, amma gwamma da gwamma ce kawai.

Sai batun kamu. Ana kunna murhu ne da dare, lokacin da ma'aikacin ƙaramar hukuma ya tashi daga aiki, kuma ko yana nan, wa ke ganin hayaƙi a cikin duhu? Shi ya sa koke-koke ke zuwa dubbai a shekara, amma waɗanda ake ci tara 'yan ƙalilan ne. Tun 2017 Magajin Garin Landan, Sadiq Khan, ya nemi gwamnati ta ƙara masa iko a kan ƙona itace, har yau ba a kai ga hana murhun ba. Ba abin mamaki ba ne: masu shi galibi mutane ne masu hali da murya, akwai kuma mazauna karkarar da bututun gas bai kai gare su ba, waɗanda hana su itace zalunci ne. Dokar da za ta yi adalci dole ta raba mai larura da mai marmari, ta raba ƙauyen da gidaje ke warwatse da unguwar da katanga ke jingine da katanga.

A ganina, kuskuren yana can gindi. An gina dokar ne a kan hayaƙin 1952, baƙi wuluk, wanda kowa ke gani ya nuna da yatsa. Abin da ke cutar da mutanen Landan a yau yana fita ne daga bututun da ido zai rantse babu komai a bakinsa. Muddin ma'aunin laifi shi ne abin da jami'i ya hango daga titi, mai murhu zai ci gaba da shan ɗumi cikin halasci, ɗan maƙwabcinsa mai asma kuma ya kwana yana tari.